Gwiwar Hannun Duilio

Nettuno, watan Maris

Zuwa ga Fulvio ɗan Armando,

Akwai wata magana da na ji a shagon Quirino mai aski tun cikin hunturu, ban kuwa yarda da ita ba. Amma bari in fara gaishe ka, kada a ce tsufa ya cinye mini ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Loretta da yaran. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwoyina, da har yau suke tuna mini shekarun da na yi a tsugune bayan masu duka a filin besbol ina cafe ƙwallo. Matata Iolanda likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana ni, don kada ta sha wuya ita kaɗai.

Maganar ita ce wai Nazzareno, mijin ƙanwarka Ombretta, yana da ganga a ɗakin da yake ajiye tarunsa a bakin tashar jiragen kamun kifi. Wai yana cika ta da ruwan teku, ya zuba ƙwallayen besbol su kwana a ciki su sha ruwa har su yi nauyi kamar dutse, da sassafe ya sa ɗansa Duilio ya yi ta jifan tsohuwar katifa da su, don hannun ya ƙara gudu. Quirino ya faɗa mini haka askarsa na kan maƙogwarona, saboda haka ban yi musu ba sai da na miƙe. Na ce masa, "Quirino, ba kai ka ce bara an kama kifi da zoben aure a cikinsa ba?" Ya ce, "An kama mana, Maestro. Ni ne dai ban gani ba." Nazzareno ba shi da kai, kowa ya sani, amma uba ne. Na bar maganar a shagon tare da gashina.

To, ga abin da ka roƙe ni a katinka na Kirsimeti. Ka ce in duba maka yaron in faɗa maka gaskiya, tunda wannan babban kulob na can Amurka ya ba ka hula da tikitin kyauta don ka riƙa raɗa musu sunayen yara. Na duba shi. Na sa safar fata na tsuguna masa da kaina, abin da Iolanda ba ta sani ba, kada kuma ka gaya wa Loretta.

Ya fi ubansa tsawo, yatsunsa dogaye ne. Yana ɓoye ƙwallo a bayan ƙugunsa har sai ya sake shi. Miƙaƙƙen jifansa yana zuwa kamar mutumin da ya gama magana, sai ya iso gaban mai duka ya ƙara kalma ɗaya: ya kauce ciki da faɗin tafin hannu. Ba a koyar da wannan. Ana haihuwar mutum da shi ne, ko a rasa. Zuciyarsa ma ta yi mini. Wani ƙato ya doke masa ƙwallo har lambun bayan katanga, yaron bai dubi ƙasa ba, hannu kawai ya miƙa a ba shi wani. Kafin ya fara wasa yakan tsaya a kan tudun jifa ya yi alamar gicciye tsaf yadda kakarsa Assunta ta koya masa, goshi, ƙirji, kafaɗar hagu, kafaɗar dama, kamar limami na kallonsa.

Yanzu juya shafi ka ji sauran. In zai yi jifa mai lanƙwasa sai ya ciji leɓe, har tsofaffin matan da ke sayar da gyaɗa a bakin fili sun gane. Yana sauka a kan diddige, kuma da hannu yake jifa, ƙafafunsa ba sa taya shi. Duk wannan ana gyarawa. Abin da ba a gyarawa shi ne shekara goma sha shida. Ƙashinsa bai gama ƙwari ba, hannun bai nuna ba. A ba shi shekara biyu, ya ci taliya, ya yi iyo, ya yi jifa kaɗan. Kada ka kawo Ba'amurkenka bana.

Ɗan'uwan mahaifinka,
Ottavio

*

Paterson, watan Afrilu

Kawu Ottavio,

Na gaishe ka da Inna Iolanda. Muna lafiya. Bayana ne kawai, ka san aikin shimfiɗa tayil, yini guda mutum na rarrafe a banɗakin mutane. Loretta ta ce a ba Inna haƙuri kan gishiri.

Kawu, wasiƙarka ta faranta mini rai. Na kai wa Mista Halloran, mai zaɓar wa kulob yara, na fassara masa shafin farko. Da ya ji zancen ƙwallon da ke kaucewa sai da ya ajiye sigarinsa. Shafi na biyu ban fassara ba, don a ƙasar nan in kana tallar abu ba ka sa "amma" a ciki. Zai bi ta Roma cikin Yuli, ya kuma yarda ya sauko Nettuno. Yana da wata na'ura kamar ta busar da gashi, ya nuna ta ga ƙwallo ta faɗi gudunsa. Ka gane, Kawu, a nan lamba ake tambaya. Shekara biyu kuwa, kafin nan Halloran ya manta sunan garinmu, ni ma an karɓe hular.

Ka ce hannun bai nuna ba. Madalla, ka nuna mana inda aikin yake ke nan. Muna da wata uku mu nunar da shi. Kai dai ka gyara masa cizon leɓen nan.

Zancen ganga kuwa na yi dariya har Loretta ta leƙo. Ban san komai a kai ba. Quirino tun ina yaro yake aske mutane da ƙarya.

Na samu aikin wani otal a Florida, zan daɗe can. In ka ji shiru, ba lafiya ce ta yi ƙaranci ba, aiki ne ya yi yawa.

Ɗanka,
Fulvio

*

Nettuno, watan Mayu

Fulvio,

Ina gaishe ka, ina yi wa bayanka fatan sauƙi. Mu muna nan. Iolanda ta bi mutum-mutumin Madonna na majami'a ƙafa ba takalmi ranar bikin da aka zaga gari da shi, yanzu tana kwance tana cewa laifin titi ne.

Na rubuta maka "a jira", ka karanta "a hanzarta". Mahaifinka ma haka yake karanta takardar likita, Allah ya jiƙansa.

Ran Lahadi bayan bikin ina zaune a majami'a bayan su Ombretta. Da aka zo alamar gicciye na ga hannun Duilio ya taɓa goshi da ƙyar, ya sauko ƙirji, ya tafi hagu, da ya juyo dama sai ya tsaya a iska. Assunta ta mintsine shi a cinya.

Ta ce, "Wannan wace irin alama ce? Ƙuda kake kora?"

Ya ce, "Na yi fa, Kaka."

"Rabi ka yi. Kafaɗar dama ba Ubangiji ya halicce ta ba? Tun ba ka je Amurka ba ka fara rage addini."

Ya sake. Wannan karon kafaɗar ya sunkuyar ta je ta tarbi yatsun. Assunta ta gamsu. Ni kuwa ban ji sauran wa'azin ba. Gwada da kanka yanzu, Fulvio: ka taɓa kafaɗarka ta dama da hannun dama. Ka ga yadda gwiwar hannu take ninkewa gaba ɗaya? Wadda ta kumbura a ciki ba ta yi. Na ga wannan a jikin manyan maza da suka gama wasa. Ban taɓa ganinsa a jikin yaron da bai fara aske gemu ba.

Washegari na sauka tasha. Palmira mai soya kifi ce ta tare ni tun ban tambaya ba. Ta ce, "Maestro, gaya wa Nazzareno ya bar dukan katifar nan. Kullum da sassafe dum, dum, kamar an binne mutum da rai yana ƙwanƙwasawa. Kuma ruwan gangarsa har gaban teburina yake malalowa." Ka ga, mutum na biyu ke nan, ita kuwa Palmira ba ta da lokacin ƙarya.

Na same shi yana ɗinkin taru a ƙofar ɗakin, an garƙame da kwaɗo. Warin jiƙaƙƙiyar fata na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Na ce, "Nazzareno, buɗe mini."

Ya ce, "Makullin na wajen Ombretta."

"Ga shi nan a wuyanka."

"Wannan na babur ne."

"Ba ka da babur."

Ya ajiye allurar ya ce, "Maestro, ku a zamaninku kun yi wasa don a ba ku taliya da kofin giya. Ɗana Amurka za shi."

Na ce, "Da wane hannun?"

Ya ɗaga nasa ya nuna mini. "Ka ga wannan? Tun ina ƙarami yake jan taru. Ya yi ciwo, ya kumbura, na fasa? Da nauyi hannu ke ƙwari. Kakana haka, ubana haka. Ciwon girma ne."

Ka ji inda ɓarnar take. Duk mazan tashar nan haka suka sani, kuma a kan taru gaskiya suka faɗa. Amma taru ana jansa ne a hankali, da baya da ƙafafu. Jifa kuwa bulala ce, duk ƙarfin jiki yana bi ta wata 'yar jijiya da ba ta kai kaurin igiyar takalmi ba. Na faɗa masa haka. Ya ce in gaida Iolanda.

Ka rubuta wa Halloran ya fasa. In babu baƙo, babu ganga.

Ottavio

*

Nettuno, watan Yuni

Fulvio,

Gaisuwa a taƙaice, lafiya muke, ina fata kai ma haka. Shiru nake ji. Na je mashayar dandali na buga waya, Loretta ta ce har yanzu kana Florida, wasiƙu na jiranka a kan firiji.

Gudun jifansa ya ƙaru, ba zan yi maka ƙarya ba. Gari ya haukace, har waɗanda ba su san ƙa'idar wasa ba suna zuwa su ji ƙarar ƙwallo a safar mai cafka. Amma kaucewar nan da na yaba maka ta tafi. Yanzu jifan miƙe yake kamar igiyar shanya, rabinsa kuma sama yake tashi, don ba ya iya ƙarasa hannun. Abin da Allah ya ba shi kyauta sun musanya da abin da kowane ƙato ke da shi. Yana sa doguwar riga cikin zafin nan, in ya wuce ka sai ka ji warin man da ake shafa wa dawaki. Kafin wasa ubansa na ba shi ƙwaya a cikin takarda.

Na yi wa mai horar da su magana. Saurayi ne, ya riga ya sayi sabon wando don ɗaukar hoto da Ba'amurke. Ombretta ta zo ta yi kuka a kicin ɗin Iolanda, da ta gama ta share fuska ta ce, "Amma ai yaya Fulvio ya san Amurka."

Ka ɗauki wasiƙun nan daga kan firiji.

Ottavio

*

Nettuno, watan Yuli

Fulvio,

Ina gaishe ka don an saba. Lafiyarmu ƙalau, mu tsofaffi.

Halloran ɗinka ya zo. An share fili, an shafa wa katanga farar ƙasa, har 'yan badujala aka kawo. Mutum ne mai ja, mai fara'a, yana ta goge wuya. Na ja shi gefe da ɗan Turancin da na tsinta wajen sojojinsu muna samari, wanda rabinsa zagi ne. Da na ga kalmomi ba za su kai ni ba sai na kira yaron. Na ce, "Duilio, ai za ka fara, yi alamar gicciye." Ya dube ni, ya gane abin da nake nufi, amma bai iya ƙin wannan ba a gaban kakarsa. Ya yi. Hannun ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Na ga gicciyen zinariya a wuyan Halloran tun da ya iso, shi ya sa na zaɓi wannan hanya. Ya ɗaga nasa hannun ya taɓa kafaɗarsa ta dama a hankali, ya dube ni. Ya gane, Fulvio. Ya fi ni sanin abin nan. Sai ya ce mini daga nesa ya zo, ba zai koma hannu wofi ba, kaɗan kawai yaron zai jefa ya ga lamba.

Na taka har kan tudun na karɓe ƙwallon. Nazzareno ya taso daga benci yana cewa, "Ɗana ne ko ɗanka?" Mutane suka fara yi mini fito. Wani daga sama ya ce a kai tsoho gida ya sha miya. Duk wannan bai motsa ni ba. Yaron ne ya ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Maestro, don Allah ka matsa. Kowa na kallo." Na ba shi ƙwallon na matsa.

Ya jefa, na'ura ta nuna lamba, mai horarwa ya leƙa ya faɗa da ƙarfi. Ba a taɓa jin irinta a filinmu ba. Badujala ta tashi. Nazzareno ya sumbaci mai badujala. Yaron ya sake jefawa, ya sake. Daga nan na ji wani ɗan ƙara, kamar zaren taru ya tsinke, ƙwallon ya bugi ƙasa tun bai kai rabin hanya ba ya gangara. Yaron bai yi ihu ba. Ya rungumi gwiwar hannunsa kamar wanda ya tsinci ɗan tsuntsu, ya taka har gaban Halloran ya ba shi haƙuri. Haƙuri ya ba shi.

Halloran ya dafa masa kai, ya mai da na'urarsa cikin jaka. Sannan ya yi mini tambaya biyu: ko yaron na da ƙane, da kuma ina ake samun soyayyen kifi mai kyau. Na amsa masa da rabin Turancina na zagi.

Likita a Roma ya ce jijiyar ta tsinke, ta ɓalle da guntun ƙashi. An yi masa aiki. Zai riƙe cokali, zai ja taru wata rana. Jifa kam ya ƙare.

Ottavio

*

Paterson, watan Agusta

Kawu,

Na gaishe ku. Ni ba lafiya ba, tun da na dawo ba na barci sosai. Wasiƙunka uku na tarar a haɗe, na karanta su a tsaye a kicin. Da sun same ni da wuri, wallahi da na tsayar da abin. Ka san ina son yaron nan kamar nawa.

Amma Kawu, akwai abin da ke ci mini rai. Na kira Ombretta ta ajiye mini waya. Loretta ta ji daga wata 'yar garinmu a nan cewa ana haɗa sunana da zancen gangar nan. Wa ke yaɗa wannan? Ina nan, teku na tsakaninmu, ina ni ina ɗakin tarun Nazzareno? Ka faɗa mini wanda ya faɗa maka.

Wani abu kuma, kada ka ɗauke shi da zafi. Halloran bai riƙe mu a rai ba. Ya ce masu jifa da hagu suna da daraja a nan ko da gudunsu bai kai ba, kuma yaron yana da tsawo da zuciya, da sauran shekaru a gabansa. In an cire filasta ka ɗan duba mana hagun.

Ɗanka,
Fulvio

*

Nettuno, watan Satumba

Fulvio,

Ina gaishe ka. Iolanda ta ce kada in gaishe ka a madadinta, na kuwa bi umarni. An fara tsinkar inabi, gwiwoyina sun ce damina na kusa.

Ka so ka ga garinmu yanzu. Ba wanda ya tuna ƙwallon da ya gangara a ƙasa, lambar kowa ya riƙe. Iyaye maza na yawo tasha suna neman tsofaffin ganguna. Quirino, wanda da yake faɗin maganar yana girgiza kai, yanzu shi ke ba da shawara: wai kwana ɗaya bai isa ba, a ƙara gishiri. Na koma aski wajen wani kurma a bayan kasuwa.

Ran Talata Duilio ya zo gidana, hannu cikin filasta, aljihun hagu na wandonsa jiƙe sharkaf har gwiwa. Ya ciro ƙwallon ya ɗora a kan tebur, ruwa na tsiyaya.

Ya ce, "Maestro, Baba ya ce kawu ya ce hagu ma ana so. Za ka tsuguna mini?"

Na ce, "Kai me kake so?"

Ya ce, "Amma ka ga lambar, ko?"

Na ce na gani. Na ɗauki ƙwallon na ajiye a bakin taga ya bushe. Na gaya masa in an cire filasta ya zo, ni da shi da busasshen ƙwallo, don daɗi kawai, ba don wani mai jaka ba. Iolanda ta zuba masa taliyarta marar gishiri. Ya yi alamar gicciye da hannun hagu, ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta juya ta koma wajen tukunya.

Da yamma na sauka tasha da guduma da ƙusa. Nazzareno ya ga abin da ke hannuna, ya cire makullin daga wuyansa ya miƙo. Gangar ta fi yadda Quirino ya kwatanta girma. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya rage wa labari. Na huda ta ta ƙasa, na tsaya har ruwan ya ƙare. Katifar ta lotsa a tsakiya har auduga ta fito.

Hagun da ka ce in duba ba zan duba maka ba. Da shi yake cin abinci.

Ka tambaya wa ya faɗa mini. Quirino ne na farko, na ƙaryata shi. Palmira ta biyu, ita ƙarar kawai ta sani. Na ƙarshe ya ƙara abin da su biyun ba su sani ba, bai kuwa faɗa don ya tona kowa ba, yana cin taliya ne yana ba da labari. Ya ce ranar Kirsimeti aka kira daga Paterson, ubansa ya kasa riƙe bayanin, sai aka miƙa masa wayar, aka faɗa masa da kansa yadda ake jiƙawa da yadda ake rataye katifa, aka kuma ce kada ya gaya wa Maestro, don tsoho ne ba zai gane ba. Sunansa Duilio, ɗan ƙanwarka. Har yanzu in ya ambace ka, kawu yake cewa.

Ottavio